Ƙwallon da Kawu Bai Huda Ba

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, Kawu dai ya riga mu isa. Yau kwana arba'in da shida. Tun ranar uku nake cewa zan rubuta wani abu a kansa, amma aikin asibiti bai bar ni ba. In na dawo gida ƙafafuna ko kicin ba sa kai ni. Yau ina hutu, shi ne na zauna. Ni ban iya tsara zance ba, abin da na sani kawai zan faɗa, don kada a wayi gari wani ya ce wane ne ma shi.

Wan mahaifiyata ne. A gidansa na unguwar University Heights, a nan Amurka, aka yi zaman makoki, hawa na huɗu, lif kuma ya zaɓi wannan makon ya lalace. Maza a falo, mu mata a ɗaki, takalma sun cika baranda. Ranar biyu da la'asar aka danna ƙararrawa, na je na buɗe. Sai ga tsofaffin mata biyar, baƙaƙen Amurka, duk da riga iri ɗaya ruwan hoda, kowacce riƙe da kwanon abinci tana haki saboda matakala. A bayansu wani dattijo ɗan Dominika ya cire hularsa ya rungume ta a ƙirji.

Wani Alhaji ɗan Kumasi, wanda suke masallaci ɗaya da Kawu, ya leƙo ya ce da ni, "Waɗannan fa? Ɓatan gida suka yi?"

Ba su yi ɓatan gida ba. Babbarsu ta ɗago babban yatsanta, ya kumbura ya karkace saboda ciwon gaɓɓai, ta ce min da Turanci likita ya daɗe da ce mata ta bar wasa, Kawu ne ya sa har yau take yi. Sai ta fashe da kuka a bakin ƙofa. Na fassara wa Alhaji.

Ya ce, "Wasa? Wane wasa?"

Na ce bolin. Na yi masa bayani kamar yadda zan yi wa duk wanda bai sani ba. Ƙwallo ne mai nauyi ake mirginawa a kan dogon layin katako, a zubar da wasu kwalaben katako goma da ke tsaye a ƙarshe. Ƙwallon yana da rami uku na saka yatsu. Amma sabo ba ya zuwa da rami, sumul yake kamar kankana. Sai an samu wanda zai auna hannunka, ya zaɓi inda ramukan za su zauna, ya huda. Aikin Kawu ke nan, a wani ɗan shago da ke cikin gidan wasan.

Alhaji ya ce, "Ikon Allah! Shekara nawa muna sahu ɗaya, ni na ɗauka injiniya ne. Ashe ƙwallo yake hudawa?"

Wasu a falon suka sunkuyar da kai kamar an tona asirin mamaci. Raina ya ɓaci, wallahi. Kawu bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. In an tambaye shi yakan ce, "Ina aiki da inji," kuma da inji yake aiki. Su ne ba su taɓa ƙara tambaya ba.

Ina tsaye ina wannan fushi a madadinsa, alhali ni ce na fi kowa abin kunya a gidan. Duk wanda ya kawo wa Kawu ƙwallo ya huda masa. Mutum ɗaya ya ƙi huda wa, ni ce. Ƙwallon yana can saman wardirof ɗinsa cikin kwali, shekara huɗu, ba rami ko ɗaya. Ni na ce a huda shi don hannun dama, shi ya ce hagu, kowa ya kafe. A haka ya rasu.

Zan dawo kan wannan. Bari in fara faɗin yadda yake.

Kullum da fensir rawaya a bayan kunnensa, a ƙarƙashin hula, har masallaci. In ya gaisa da mutum ba ya sakin hannu da wuri. Zai riƙe, yana tambayar iyali, yatsunsa kuwa suna bin gaɓoɓin naka ɗaya bayan ɗaya. Mutane sun ɗauka tsabar son zumunci ne. Aunawa yake yi, ya zame masa jiki. In aka miƙa masa jariri ranar suna, kafin ya kalli fuska sai ya buɗe ɗan tafin hannun. Yakan yi alfahari cewa gaɓar ƙarshe ta babban yatsansa inci ɗaya ce cif, ko an kashe wuta zai auna mutum.

Maganarsa ɗaya ce a shago: "Jefa in gani." Da Hausa yake faɗa ko da wa yake magana, yana nuna layi da haɓa, kuma kowa ya gane.

Wata rana na kai masa saƙon matarsa, na tarar da wani mutum mai kwat ya kawo ƙwallo mai tsada da takarda da ya ciro daga intanet. Wai tsarin hudar wani gwani ne da yake gani a talabijin, shi ma haka yake so. Kawu ya karanta takardar tsaf, ya ninke, ya mayar masa. Ya ce wannan hannun wani ne. Mutumin ya ɗaga murya, ya ce ai kuɗinsa ne. Kawu ko a jikinsa, ya nuna layi da haɓa. Sai da mutumin ya cire kwat ya jefa sau shida.

Bayan ya tafi Kawu ya yi min karatu, ni kuwa ina ta duba agogo. Ya ce cikin kowane ƙwallo akwai wani dunƙule mai nauyi wanda ba zagayayye ba ne, shi ƙodago yake ce masa. Wani ɗigo mai launi a jikin ƙwallon shi ke nuna inda kan ƙodagon yake. Nisan ramuka daga ɗigon nan shi ke sa ƙwallo ya lanƙwasa da wuri, ko ya yi haƙuri sai ya kusa kwalabe. Layin kuma ana shafa masa mai, don haka in ka jefa, ƙwallo yakan dawo da zoben mai a jikinsa, zoben ne ke nuna yadda hannunka ke juya shi. Ba mutum biyu da zobensu ya zo ɗaya.

Ya ce, "Girman yatsu ina iya aunawa a tsaye. Amma inda ramin zai zauna, sai na ga jifa. In ka huda ba daidai ba ana iya toshewa a sake, amma tabon yana nan, kuma ƙwallon ya san an taɓa shi."

Tsohuwar nan mai karkataccen yatsa, ita ta ba ni labarin nata. Duk shekara yatsan yana ƙara kumbura, duk shekara Kawu ya toshe ramin ya sake faɗaɗa shi, ya karkatar da shi kaɗan ya bi yatsan. Ta ce sau uku tana cewa za ta sayi sabon ƙwallo, yana hana ta, wai tsohon ya riga ya san ta.

Ni kuwa Kawu ne ya kawo ni ƙasar nan. Shi ya tare ni a filin jirgi da wata jibgegiyar rigar sanyi ta maza da ta kai min har ƙwauri. Mako biyu yana raka ni makarantar koyon jinya a jirgin ƙasa har na daina ɓata. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba, "Uwata" yake ce min. Ba na so wani ya karanta abin da ke tafe ya ɗauka mugu ne.

Bahaguwa aka haife ni. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, muka koma gidan Kaka a Kano, lokacin Kawu yana malamin firamare, shi ne namijin gidan. Da aka ga ina ɗaukar komai da hagu, aka ce abin kunya ne ga 'ya mace, wa zai karɓi ruwa daga hannunta? Kawu ya ce a bar masa. Da ɗankwalin Kaka yake ɗaure min hannun hagu a bayana, daga safe har azahar. In an kwance na manta na ɗauki fensir da shi, rula ce a kan gaɓoɓi. Ba ya fushi, ba ya tsawa, aiki kawai yake yi, wannan ne ma ya fi ciwo. Cikin shekara ɗaya na koma 'yar dama. A shekarar kuma na fara in'ina, har yau in raina ya ɓaci tana dawowa. Rubutuna kuwa ko ni wani lokaci ba na iya karantawa. Ba wanda ya sake tada zancen, ni ma na binne shi.

Shekara huɗu da suka wuce abokan aikina suka ja ni wasan bolin, kuma gidan da Kawu yake aiki suka zaɓa. Na yi ta jefawa da dama, ƙwallo yana ta faɗawa kwatar gefen layi, ana dariya, ni ma ina yi. Kawu yana tsaye a ƙofar shagonsa yana kallona. Da za mu tafi wata ta cillo min makullin mota ba zato, na cafke. Da hagu. Ni ban ma lura ba, shi ya lura.

Bayan mako biyu ya kira ni shago. Ya buɗe kwali, ga ƙwallo kore mai duhu, sabo fil, da ɗigo fari. Ya ce, "Naki ne, Uwata. Kawo hannu."

Na ji daɗi har raina. Na miƙa dama.

Ya ce, "Ba wannan ba."

Na ce, "Kawu, da wannan nake komai."

Ya ce, "Na ga jifarki. Kafaɗar nan ba ta son aikin, dole ake yi mata. Ƙafarki ma ta hagu ce take son fara tafiya. Ke bahaguwa ce."

Shekara arba'in da biyu gare ni a lokacin, da 'ya'ya biyu, amma sai na ji ƙamshin ɗankwalin Kaka. In'ina ta kama ni, na yi ta fama kafin maganar ta fito. Na ce, "Yau ka sani? Kai ka ɗaure shi, yanzu kuma kai za ka zo ka kwance? Sai abin da ka ga dama za a yi da hannuna?"

Abokin aikinsa, dattijon nan ɗan Dominika, ya ajiye abin da yake yi ya fita a hankali.

Kawu ya cire fensir daga kunne, ya yi ta juya shi. Ya ce, "Cin abinci da dama, wannan koyarwa ce, ban yi nadamarsa ba. Amma rubutu? Jifa? Ɗaukar tsintsiya? Wa ya aike ni? Ba wanda ya aike ni. Na zo nan na ga likitoci bahagwai, na ga gwanaye, gefen hagu na layi ma ya fi kyau don ba a cika tattake man ba. Kullum na auna bahago sai na tuna ki."

Ni a lokacin ba na jin komai. Haƙuri nake so ya ba ni da baki, shi kuma ƙwallo ya saya. Na ce, "Ka huda dama ko ka riƙe abinka."

Ya ce, "Ba zan huda abin da na san ba daidai ba ne. Na yi sau ɗaya."

Na ɗauki jakata na fita.

Ba mu yi gaba ba, kada a ce. Ina zuwa gaishe shi, yana zuwa ganin yara, suna amsa masa Hausa da Turanci yana yi musu tsiya. Amma duk Sallah, in zan tafi, sai ya rako ni bakin matakala ya ce ƙasa-ƙasa, "Ƙwallonki yana nan." Ni kuma in ce, "Ya zauna." Sallah takwas muna wannan. Kullum ina cewa wata rana zan sauko, in aiki ya yi sauƙi, in yara sun gama makaranta. Aikin bai yi sauƙi ba.

Da ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibiti, na je duba shi wata ranar Laraba da rana, daga aikin safe, ko kayan aiki ban cire ba. Ya rame, hular ta yi masa yawa. Na durƙusa na miƙa masa hannun dama kamar yadda ya koya min. Ya ture shi. Ya miƙo hannu ya kamo na hagun. Ya buɗe tafin, ya lanƙwasa yatsan tsakiya, ya lanƙwasa na kusa da shi, ya ja babban yatsa gefe, yana ɗora nasa a kai yana matsawa kaɗan-kaɗan, leɓensa yana motsi. Na ɗauka magani ne ya ruɗa shi, ko tasbihi yake yi. Ni da nake aikin jinya, ni da na san halinsa sarai, ban gane ba. Gajiya ce ta rufe min ido. Na bar shi ya ɗan yi, sannan na zare hannuna na ce, "Kawu, bas zai wuce ni."

Ya ce, "Je ki, Uwata. Na gama."

Ranar Asabar ya cika.

Bayan addu'ar arba'in matar Kawu ta sa aka sauko da kwalin. Tana cikin takaba, ba ta fita, ta tura min shi da ƙafa don nauyi. Ta ce, "Ɗauki kayanki, ni na gaji da ganinsa. Akwai takarda a ciki. Ranar da kika je asibitin nan, kina fita ya ce in ba shi fensirinsa."

Takardar zaɓen abinci ce ta asibiti. A bayanta ya zana da'ira uku, da lambobi a tsakaninsu. Ƙasa da su akwai layi biyu da bai cike ba, sai wani ɗan rubutu da ban tsaya karantawa ba, don idona ya cika. Na ninke na mayar.

Jiya Talata na roƙi wata ta karɓar min aikin safe, na ɗauki kwalin na shiga bas zuwa gidan wasan. Ban san me zan je in ce ba. Rabin zuciyata tana cewa a huda dama a wuce wurin, ai shekara arba'in na rayu a haka, wa zan burge yanzu? Masu riga ruwan hoda suna can layin ƙarshe, ranar wasansu ce. Dattijon yana shago shi kaɗai, kujerar Kawu tana nan da darduma a ninke a kanta.

Ya sa tabarau ya duba takardar. Ya ce da Turancinsa wannan awon hannun hagu ne. Ya ɗauko abin awo ya ce in sa yatsu, na sa na hagu don dai a gani. Ya duba abin awo, ya duba takarda, ya sake dubawa. Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu. Ya ce ko gashi ɗaya bai kuskure ba.

Sannan ya nuna layi biyun da ba komai. Ya ce nan ne ake rubuta nisan ramuka daga ɗigo, da kusurwar da za a bi. Kawu bai cike ba, don bai taɓa ganin jifata da wannan hannun ba. Ya nuna rubutun ƙasa ya ce wannan yarenku ne, karanta min.

Na karanta a zuci tukuna. Kawu ya rubuta: "Sauran sai ta jefa. In ta ce dama, a huda mata dama, kada a matsa mata. An matsa mata sau ɗaya, ya isa."

Na kasa fassarawa. In'ina ta riƙe min harshe, na tsaya ina buɗe baki kamar 'yar shekara shida. Haƙurin da na yi shekara huɗu ina jira ke nan, a bayan takardar abinci, kuma ba wanda zan ce wa na yafe.

Dattijon bai sake tambayata ba. Ya fita ya ɗauko ƙwallon gida, irin wanda kowa ke ɗauka da kowane hannu, ya goge shi tas ya ajiye a gabana, a tsakiya, ba ta dama ba, ba ta hagu ba. Ya nuna layi da haɓa. Ya buɗe baki da Hausarsa, ita ke nan Hausar da ya tsinta a duk zamansu: "Jefa in gani."

Na ɗauka da hagu.

Na farko ya faɗa kwata. Na biyu ma. Matan nan suka daina wasansu suka juyo. A na uku ƙafata ta san inda za ta, kafaɗata ba ta yi gardama ba, ƙwallon ya bi gefen hagu ya yi nisa, sannan ya lanƙwaso da kansa ya zubar da bakwai. Ban taɓa jin wani aiki ya fita daga jikina da sauƙi haka ba. Haushi ya kama ni, da daɗi, da baƙin ciki, duk a lokaci guda, na rasa wanda zan fara ji.

Ƙwallon ya dawo da zoben mai a jikinsa. Dattijon ya bi zoben da yatsa, ya sa na ƙara jefa uku, ya cike layi biyun nan a ƙarƙashin rubutun Kawu. Ya ɗauko fensir rawaya ya zana a kan koren ƙwallon. Kafin ya sauke injin ya dube ni, ya ce in ya shiga fa ya shiga. Na ce huda. Garin kore ya yi ta zuba a ƙasa. Da ya gama ya goge bakin ramukan ya miƙo min, yatsuna uku suka shige, ba matsi, ba sako-sako.

Yau kafaɗata ta hagu ciwo take, gobe kuma ina da aikin safe. Kwalin na jefar, ƙwallon yana nan gefen gadona, takardar tana cikin jakata. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Na ɗankwalin nan dai kada a tambaye shi, ni mai hannun na yafe. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ko bai san me ake nufi da bolin ba.

Na jefa, Kawu. Kai ne ba ka gani ba.